Bakan Gizon Danna-Ɗaya

Ƙanin mijina ya shigo shagona da kwamfuta a hammata da tabarau a fuska, tabaran da ba na ciwon ido ba, ya saya ne kawai don ya yi kama da masu karatu. Ya tsaya a bayana yana kallon yadda nake aiki, yana girgiza kai cikin tausayi.

"Matar Yaya, wahalarki ta ƙare daga yau."

Sunansa na gaskiya ya ɓace tun da ya dawo daga kwas ɗin kwamfutar da bai ƙarasa ba. Kowa Danna-Ɗaya yake ce masa, don a wajensa duk matsalar duniya dannawa ɗaya ce. Famfo ya toshe, dannawa ɗaya. Mota ta ƙi tashi, dannawa ɗaya. Mu da ba'a muka raɗa masa sunan, shi kuwa ya ɗauka lambar yabo ce, har ya sa tela ya ɗinka masa a bayan riga.

Ni sana'ata buga ledar talla da allunan shaguna. Abin da ya tarar ina yi a ranar shi ne narkin launi, wanda 'yan zane ke ce wa giradiyen: ka ajiye launi ɗaya a wannan bakin, wani a wancan, su narke cikin juna ba a ga mahaɗa ba. Da linzamin kwamfuta nake yi, in ja ɗigon launi, in matsa baya in kalla, in sake ja. Zanen bekta ne, irin wanda ko ka miƙe shi ya kai tsawon bene ba ya fashewa, sai dai yana son haƙuri.

Aikin kuwa ba ƙarami ba ne. Mai ginin da ke kan kwanarmu ya gama sabon benensa, shaguna uku na ƙasa sun sami masu haya: mai aski, likitan haƙori, da mai wanki da guga. Ya ce a yi musu doguwar leda guda, wadda za ta sauko daga saman bene har kan ƙofofinsu, a raba ta gida uku. In ta yi kyau ranar buɗewa, allunan benen gaba ɗaya ni zan yi. In ba ta yi ba, ga mai shagon tsallaken titi, wanda injinsa irin nawa ne, kullum yana zaune bakin ƙofa yana jiran in yi tuntuɓe. Tun da na buɗe shago ban taɓa samun aiki irin wannan ba, kuma ina son sa har cikin raina.

Tsarin da na fitar mai sauƙi ne. A saman kowane gida an rubuta YADDA KA ZO, a ƙasa YADDA ZA KA TAFI. Na likita jerin haƙora ne, daga rawaya a sama zuwa fari fat a ƙasa. Na mai wanki riguna ne, daga ruwan ƙasa zuwa fari. Na mai aski, wanda rinin gashi ne abin alfaharinsa, kawuna ne daga furfura zuwa baƙi wuluk.

"Fulogin zan rubuta miki," in ji Danna-Ɗaya. "Kin san fulogin? Wani ɗan ƙari ne da ake liƙa wa manhajar zane, ki ba shi umarni ya yi aikin da kansa. Har na raɗa masa suna, Bakan Gizo. Ki zaɓi launi biyu, dannawa ɗaya, ki tafi ki sha shayi."

"Na san fulogin," na ce. "Na kuma san ka."

Kafin la'asar surukata ta kira ni a waya. Ta ce yaron nan kai gare shi, tun yana ƙarami yake kwance rediyo. Na ce Mama, ya taɓa mayar da ɗaya? Ta ce ba wannan ake magana ba. Da na kai ƙara wajen maigida, sai ya kama hannuna ya ce don girman Allah in ba shi kujera a shago, ko falonmu ya sha iska.

Haka Danna-Ɗaya ya sami kujera. Ba kujera kawai ba, har da kwamfutata, don tasa da yake yawo da ita a hammata ashe ba ta kunnuwa. Ya ce hutawa take.

Ya yi kwanaki yana buga madannai da ƙarfi, yana tsaki, yana cewa "yauwa" ba tare da an ga abin da ya yi yauwa ba. Sannan ya bi shagunan uku da kansa ya gayyato masu su, su zo su ga tarihi. Suka cika min shago, mai wanki da warin sitati, likita da farar rigarsa, mai aski da tsumma a kafaɗa.

"Ku kalli haƙoran nan da kyau," in ji Danna-Ɗaya, yana naɗe hannun riga. "Bismillah."

Ya danna. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin.

"Wuta aka ɗauke?" in ji mai wanki, yana duban fanka da ke juyawa lafiya lau.

"Haƙoran suna nan," in ji Danna-Ɗaya. "Baƙi ai shi ne uban launuka. Duk sauran a cikinsa suke."

"To a ce musu su fito," in ji likita.

Ashe manhajar tana ƙirga hasken launi ne har ɗari biyu da hamsin da biyar, shi kuma ya miƙa mata rabi da kwata. Ta duba abin da aka ba ta, ta ga bai kai a kunna fitila ba, ta bar mu a duhu. Ya ce laifin waɗanda suka ƙera manhajar ne, ba su kai matakinsa ba, amma zai sauko ya same su.

Zama na biyu ya fi na farko armashi. Wannan karon ya koya wa Bakan Gizo yadda ake haɗa narkin launi, ya manta bai koya masa yadda ake dainawa ba. Da ya danna, fulogin ya haɗa ɗaya, ya haɗa wani a kansa, ya ƙara wani, ya ci gaba da aiki tuƙuru kamar wanda aka yi wa alkawarin lada. Linzami ya sandare. Fankar cikin kwamfuta ta fara kuka, sama-sama, har mai aski ya leƙa waje ya ga ko babur ne ya shigo.

"Tunani take," in ji Danna-Ɗaya. "Kada kowa ya dame ta."

Likita ya sunkuya ya saurara, ya ɗago. "A wajenmu in mutum ya fara wannan numfashin, 'yan'uwa ake kira."

"Likita, kai haƙori ka sani. Wannan ƙwaƙwalwa ce."

"Ƙauri nake ji fa," in ji mai wanki. "Ni na san ƙauri. Sana'ata ce."

Na miƙa hannu na zare waya daga bango. Tare da ita aikin da na yi tun safe ya tafi, don gwanin ya ce adana aiki kowane lokaci alamar tsoro ce. Na kalle shi, ya gyara tabarau, ya ce ai gara da ya tafi, dama bai yi kyau ba. Allah ne kaɗai ya riƙe hannuna a ranar, da kuma darajar surukata.

A zama na uku, sai in faɗi gaskiya don ba na cin haƙƙin kowa, abin ya yi. Ya buɗe zanen haƙora ya danna, rawaya ta narke ta koma fari, sumul. Ya rufe, ya buɗe na riguna, ya danna, dattin ya wanke daga sama zuwa ƙasa. Ya buɗe na kawuna, furfura ta tafi a hankali ta zama baƙi. Kowanne a shafinsa daban, kowanne daidai. Mai wanki har da tafi.

Daga nan kan Danna-Ɗaya ya daina shiga ta ƙofa.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Wannan a manyan ƙasashe gayya guda ake tarawa su yi shi. Ni kaɗai, a kan kujerar roba."

Ina duba gefen manhaja, inda take jera sunayen narkin launi, sai na ga na kawuna sunansa Danna-Ɗaya. Na tuna na riguna ma haka na gani, na haƙora ma haka.

"Me ya sa duk sunansu ɗaya?"

"Don tarihi, Matar Yaya. Duk launin da Bakan Gizo ya haifa, sunan ubansa zai ɗauka. Ko bayan raina wani ya buɗe zanen nan, zai san wa ya yi."

"Ni da na sa wa 'ya'yana duka sunana," in ji mai aski, "da in na ce a kawo min ruwa ban san wanda zai taso ba."

"Shi ya sa kai aski kake yi, ni kuma fasaha."

Bai tsaya nan ba. A can ƙasan ledar akwai ɗan layi da na ware, mai ɗauke da sunan shagona da lambar wayata, yadda kowane mai bugu yake yi. Ya sa yatsa a kai ya ce wannan wurin ai nasa ne. Na ce in ya buɗe nasa shagon ya rubuta sunansa har a rufin ɗaki. Ya ce haka ake danne masu basira tun fil'azal. Na ce to a danne, dannawa ɗaya.

Ana gobe buɗewa na tafi wajen mai walda karɓo ƙarfen da za a rataye ledar, wanda ya yi min alkawari tun tuni yana ta ja min rai. Kafin in fita na kama kunnen Danna-Ɗaya da baki: kada ya taɓa komai, ya jira in dawo mu haɗa zanen uku a shafi guda, in duba da idona, sannan a buga. Ya ce in tafi hankali kwance.

Mai walda ya shanya ni har rana ta yi sanyi. Da na dawo, injin bugawa ya yi ɗumi, tawada ta yi ƙasa, leda babu. Injina yana naɗe abin da ya buga ne da kansa a jikin sanda, fuskar a ciki. Na fita da gudu na sha kwana, sai ga ledata can saman bene, a naɗe, an ɗaure ta da igiya, ma'aikatan gini suna saukowa daga tsani. Danna-Ɗaya na tsaye a ƙasa ya riƙe ƙugu.

"Ka buga?"

"Dannawa ɗaya."

"Ka duba kafin ka buga?"

"Duba aiki na masu shakka ne. Ni ina waje ina yi wa mutane bayani, inji yana aikinsa."

"A sauko min da ita yanzu in gani."

Sai ga mai gini ya fito daga cikin bene yana murmushi, da tumbinsa a gaba. Ya ce a'a, Hajiya, kada a taɓa. Injiniya ya yi masa bayani, a manyan ƙasashe haka ake yi, ba mai ganin abu sai ranar, a ja igiya ta warware a gaban jama'a. Ya ce shi abin ya burge shi, har ya ƙara gayyatar mutane. Na ce ranka ya daɗe, ko ɗan gefe ne in leƙa. Ya ce ai amanar da ya ba ni ta wuce leƙe.

Injiniya. Har ya sami ƙarin girma ban sani ba.

Da safe aka jera kujeru a bakin titi, aka kawo lasifika. Jama'a ta taru, masu gayyata da masu wucewa. Surukata ta zo da ƙawayenta, ta zauna a layin gaba tana nuna musu bayan rigar ɗanta. Mai shagon tsallake ma ya ƙetaro, ya tsaya gefe ya harɗe hannu, ya gaishe ni da fara'ar da ban yarda da ita ba.

Mai gini ya yi godiya a taƙaice. Danna-Ɗaya ya karɓi abin magana ba a miƙa masa ba.

"Jama'a, abin da za ku gani yau, hannun ɗan Adam bai ja shi da linzami ba. Zamanin ja ya wuce. Wasu sun yi shakka, har a cikin gida." Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Na yafe musu. Yadda na yi shi da dannawa ɗaya, haka zan buɗe shi da ja ɗaya."

Ya mayar wa mai gini abin magana, ya ja igiya. Ba abin da ya motsa. Ya sake ja, ya tokare ƙafa da bango ya ja.

"Wannan ja ɗayan na nawa ne?" in ji mai wanki daga bayansa.

Danna-Ɗaya ya rataya da nauyinsa duka, ƙullin ya kwance, ya zauna daɓas a ƙasa. Ledar ta fara warwarowa a hankali.

YADDA KA ZO, manyan baƙaƙe, gida uku. Ƙarƙashinsu kawuna masu furfura, daidai. Kusa da su haƙora farare tas. Kusa da su riguna farare kamar yanzu aka ciro su daga leda. Jama'a ta fara tafi, don fari yana da kyau a ido. Likita bai tafa ba. Ya cire nasa tabaran na gaske ya goge, ya mayar.

Ledar ta ci gaba da sauka. Haƙoran suka yi toka-toka. Rigunan suka yi toka-toka. Tafin ya fara raguwa. Ta ƙara sauka, haƙoran suka zama kalar tsohuwar tukunya, rigunan kamar an goge inji da su. Da ta iso kan ƙofofi, ga YADDA ZA KA TAFI, kuma a samansa haƙori baƙi wuluk yana sheƙi, riga baƙa wuluk, da kai mai gashi baƙi wuluk.

Abin da ya faru ba ya bukatar kwas. Da ya haɗa zanen uku a shafi guda, manhaja ta kira narkin launin haƙora da sunansa, Danna-Ɗaya, sai wanda ke kan gaba ya amsa, na mai aski. Ta kira na riguna, Danna-Ɗaya, shi ya sake amsawa. Fari zuwa baƙi, kowa ya samu.

Wani ya fashe da dariya daga baya, shi ke nan aka ɓalle.

"Likita!" wata tsohuwa ta ɗaga murya tana rufe baki da mayafi. "Nawa 'yan kaɗan ne suka rage, amma farare ne. Na gode, ba sai na shigo ba."

Wani mutum da ya zo da ƙullin kaya don ya zama na farko a shagon wanki ya dubi ledar, ya dubi ƙullinsa, ya mayar da shi hammata ya juya.

"Malam, dawo!" in ji mai wanki. "Wallahi ba haka muke yi ba!"

"A rubuce yake fa," in ji mutumin, bai ko waiwayo ba.

Mai aski kaɗai ke tafi, da gaske yake yi. "Ni dai nawa ya fito. Allah ya yi maka albarka, Injiniya. Wa zai fara zama?"

Danna-Ɗaya ya tashi yana kaɗe wando. "Kun gani, ɗaya cikin uku ya yi daidai ɗari bisa ɗari. Sauran biyun kuma in ka karanta daga ƙasa zuwa sama..."

"Ni zan karanta ka daga ƙasa zuwa sama," in ji likita, yana cire farar riga.

Mai gini bai yi dariya ba. Ya juyo gare ni a hankali, fuskarsa ta kumbura. Kafin ya buɗe baki mai shagon tsallake ya riga ya iso gefen kafaɗarsa, yana cewa ranka ya daɗe, irin wannan yakan faru in aka ba ƙananan shaguna babban aiki. Na ga allunan benen nan suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, suna tsallaka titi, don injina ne ya buga.

"Hajiya," in ji mai gini, "wa ya yi wannan?"

Danna-Ɗaya ya riga ni. "Ranka ya daɗe, ai shagon Matar Yaya ne. Ni ɗan taimako kawai na yi mata, irin na gida. Ko kujerar kirki ba a ba ni ba."

Surukata ta gyaɗa kai daga layin gaba.

Akwai naɗi ɗaya na ƙarshe da ya maƙale a bakin rumfar shagon likita. Iska ta ɗan kaɗa, ya suɓuce ya faɗo, faf. A wurin da na ware wa sunan shagona babu sunan shagona. Akwai jan rubutu, kowane harafi ya kai kan mutum, ga hotonsa da tabarau a gefe, ga lambar wayarsa:

WANNAN AIKIN DANNA-ƊAYA NE SHI KAƊAI. BABU HANNUN KOWA A CIKI.

Mai gini ya karanta a bayyane, sannu a hankali, ta cikin lasifika, don ya manta abin maganar na hannunsa. Ya sake karanta rabin na biyu. Ya dubi bayan rigar Injiniya, ya dubi ledar, ya dube ni.

"Babu hannunki?"

"Ranka ya daɗe, ni ba na musu da abin da aka buga."

Mai gini ya yi huci. Sannan ya ce a sauke wannan abin kafin likita ya yi kisan kai, in sake bugawa, da hannuna, da linzamina, in kawo masa ya gani a shimfiɗe a ƙasa kafin ta hau ko'ina. In ta yi, maganarmu tana nan. Ya juya ga mai shagon tsallake ya ce masa ya ɗan matsa, yana tare masa iska.

Surukata ta taso tana gyara mayafi, ta tsaya ƙarƙashin jan rubutun ta daɗe tana kallo. "Sunan dai ya fito da kyau," ta ce wa ƙawayenta.

Da rana Danna-Ɗaya ya shigo shago yana tattara kayansa, wato tabarau da kwamfutar da ke hutawa. Ya ce ya gane ba a san darajarsa a nan ba, hassada ta yi yawa a cikin dangi. Zai kai Bakan Gizo shagon tsallake, inda ake girmama fasaha, kuma kada in zo ina roƙo daga baya.

Na ce haba ƙanina, ai ba za ka tafi kai kaɗai ba. Na karɓi kwamfutar na riƙe masa, na kama hannunsa, na tsayar da motoci da ɗayan hannun, na tsallaka da shi titi cikin mutunci.

Mai shagon tsallake yana zaune bakin ƙofa ya hango mu. Ya miƙe, ya shige ciki da kujerarsa, ya kama ƙofar ƙarfe ya sauke ta har ƙasa.

Ja ɗaya.